Makarantar Gwamnati Ko Karatun Gida: Ina Za Ki Kai Ɗanki?

Uwargida, idan kina halartar taron suna ko biki, ko kina zuwa Islamiyyar matan aure a Panshekara, Sheka, Zawaciki ko Ja'en, da wuya a ce ba ki taɓa jin an ɗauko zancen makarantar yara ba. Da zarar an ɗauko shi kuwa sai ki ga ɗaki ya rabu. Wata za ta ce ita kam ta gaji, yaro ya shekara biyar a firamare amma ko sunansa bai iya rubutawa ba, sai ashar da ya kwaso ya kawo mata gida. Wata ta ce maigidanta ya yanke shawara, a bana za a cire 'yan matan a bar su da Islamiyya, a nemo malamin da zai riƙa zuwa gida yana yi musu lesin. Wata kuma ta rantse ko da rance ne sai ta kai nata makarantar kuɗi. Daga ƙarshe a watse ba tare da an cimma matsaya ba, kowa ta koma gida da damuwarta.

A ƙarƙashin wannan hira akwai tambaya mai nauyi, wadda malamai da 'yan siyasa da alƙalai suka daɗe suna kai-kawo a kanta, a nan gida da ƙasashen waje. Shin wa ke da ta-cewa a kan abin da za a zuba wa yaro a ƙwaƙwalwa, iyayen da suka haife shi ko gwamnatin da ke mulkin ƙasar da yake ciki? Kuma idan uwa ta ga makarantar gwamnati ba ta yi mata ba, tana da damar ta riƙe ɗanta a gida ta koyar da shi da kanta?

A yankin Challawa wannan tambaya ta fi ciwo. Mafi yawan gidajen da ke kewaye da masana'antun Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, da na Sharaɗa, da na Bompai, tukunyarsu da kamfani ta dogara. Kamfanonin sarrafa fata ne, da na roba da leda, da na lemon kwalba, da ragowar masaƙu. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, ga matsalar wutar lantarki, ga atamfar China da ta cika kasuwar Kantin Kwari, masana'antu da dama suka rufe ƙofa. Waɗanda suka rage kuwa da yawansu leburanci suke bayarwa na wucin gadi, yau akwai aiki gobe babu. A daidai wannan lokaci ne kuma jama'a suka yi ta kwarara zuwa waɗannan unguwanni saboda sauƙin fili da na haya, alhali azuzuwa ba su ƙaru daidai da yawan haihuwa ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a ƙasa baki ɗaya, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000. Ki ɗauki wannan kuɗi ki cire haya da buhun masara da kuɗin mota, sannan ki duba abin da ya rage na kuɗin makarantar yara biyar ko shida a kowane zango. Ga yawancinmu, zancen makarantar kuɗi mai tsada bai ma taso ba. Zaɓin da ke gabanmu shi ne makarantar gwamnati, ko ƙaramar makarantar kuɗi ta cikin lungu, ko gida.

Tsohon zargi ne

Kada ki ɗauka maigidanki ne ya fara ɗari-ɗari da makarantar gwamnati. Gado ya yi. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma sun tarar da mu da karatunmu. A ƙiyasin da aka yi a zamanin Lugga, wajen 1914, akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da ɗalibai sama da 200,000. A 1909 ne Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa, gidansa na nan har yau ana zuwa kallo. Mutumin kuwa da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati, don haka ba abin mamaki ba ne idan kakanninmu suka yi zaton wata manufa ce aka lulluɓe. An sha ba da labarin yadda iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan dagaci ya zo ɗibar yara, da yadda wasu masu sarauta ke tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu.

Ko kalmar boko ma ta isa shaida. Mutane da yawa suna zaton daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma masanin Hausar nan Paul Newman ya kawo hujja a 2013 cewa kalmar tamu ce tun asali, tana nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake ɗorawa a doki a madadin amarya. Wato dai tun farko a matsayin jabu aka karɓi wannan karatu.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba. Mutanen da suka san addini ne suka fara neman hanyar tsakiya. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci a 1947. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano da mutanensa suka kafa Islamiyyu masu aji da allon bango da darasin lissafi. Da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowa, amma an yi shi cikin gaggawa, aka ɗebi malamai da ba su gama ƙwarewa ba, kuma daga nan ne ingancin firamaren gwamnati ya fara tangal-tangal. Abin da ya kamata ki riƙe a nan shi ne, lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa ke kan ganiyarsu, kujerun akawu da injiniya da manaja ga masu takarda suka tafi. 'Ya'yan da aka ɓoye a rumbu, jikokinsu ne suka fi yawa a layin masu ɗaukar kaya da gadi.

Ƙorafin iyaye na da tushe

Iyayen da ke guje wa makarantar gwamnati ba duka ne ke yi don jahilci ba, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro. Ƙorafinsu na farko a kan manhaja ne, wato wa ya tsara abin da ake koyarwa, kuma da wa ya yi shawara. Ki tuna ce-ce-ku-cen da aka yi lokacin da aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da darasin zamantakewa da na kishin ƙasa da na tsaro. Musulmi da Kirista duka suka ƙi, har a Yulin 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarni a raba su, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. A Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci a cire darasin jima'i daga manhajar ƙananan makarantu, yana mai ganin iyaye da malaman addini ne suka fi cancanta da wannan aiki. A 2023 kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta haramta littafin koyon karatun Turanci na Queen Primer, kan zargin yana ɗauke da kalmomin da ba su dace da tarbiyyar yara ba, har aka kwashe kwafi masu yawa daga kasuwa. Ko kin yarda da kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ko ba ki yarda ba, suna nuna abu guda: manhaja ba wahayi ba ce, mutane ne ke rubuta ta, kuma idan iyaye suka ɗaga murya ana canza ta.

Sai maganar tsaro. Bayan Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, wace uwa ce za ta kai 'yarta makarantar kwana ta yi barci da ido biyu rufe? Ita kanta gwamnatin Kano sai da ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari a 2021.

Amma ƙorafin da ya fi yawa, wanda kuma ya fi wuyar musantawa, shi ne na inganci. A Satumban 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, aka sa hannu a dokarsa a 2020. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma da bakinsa ya faɗa cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama, sannan akwai ɗaruruwan makarantu da malami ɗaya tal ke riƙe da su. To idan mai makarantar da kansa ya faɗi haka, ina laifin uwar da ta ce ba ta ga amfanin tura yaro ya wuni cikin aji mai mutum sama da ɗari ba, ya dawo da ƙura da ƙwarƙwata?

Ga addini kuma. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora wa mumini nauyin tsare kansa da iyalinsa daga wuta, kuma hadisi ingantacce ya nuna mace makiyayiya ce a gidan mijinta, za a tambaye ta abin da aka ba ta kiwo. Ba kwamishinan ilimi za a tambaya a kan sallar ɗanki ba. A wannan gaɓa masu ra'ayin riƙau suna da gaskiya, kuma babu wata doka da za ta sauke miki wannan nauyi.

Me doka ta ce?

Mata da yawa ba su san cewa akwai hukunci a kan hana yaro zuwa makaranta ba. Shirin UBE, wanda Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya zama doka a 2004. Dokar ta wajabta wa gwamnati ta samar da karatun shekara tara kyauta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma wajabta wa iyaye su tura 'ya'yansu. Wanda ya ƙi, a karon farko kotu za ta ja masa kunne. A karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu ko duka. Tarar dai a yau ba ta kai kuɗin cefanen yini ba, kuma ba kasafai ake jin an gurfanar da wani ba, amma dokar na nan. Abin lura shi ne ta yi maganar tura yaro makaranta ne, ba ta tanadi wata hanya da uwa za ta yi rajistar ɗakinta a matsayin aji ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, tsarin mulkin 1999 ya ba ki wata garkuwa da ya kamata ki sani. Sashe na 38 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ya kuma ba al'ummar addini damar koyar da addininta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta. A kan 'yancin addini ne Kotun Ƙoli ta dogara a Yunin 2022 ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, bayan an shafe shekaru ana shari'a.

Yadda abin yake a waje

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo mana bidiyoyin iyayen Amurka, Kirista da Musulmi, suna bayanin yadda suka cire 'ya'yansu daga makaranta suna koyar da su a falo. Wasu 'yan boko a cikinmu sun ɗauki abin da zafi, har suna ganin shi ne mafita. Yana da kyau ki san asalinsa. Tun 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Oregon da ta tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, ta nuna cewa yaro ba mallakin hukuma ba ne. A 1962 da 1963 kotun ta hana addu'ar da hukuma ke shiryawa da karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati. Wannan ya fusata Kiristoci masu ra'ayin riƙau, suka ce an kori Allah daga aji, kuma su ne suka zama ƙashin bayan harkar karatun gida a shekarun 1980. Zuwa 1993 ya halatta a dukkan jihohi 50. Alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, suka kai wajen miliyan 1.7 a 2016, suka ƙara yawa bayan annobar korona. A Turai kuwa labarin ya bambanta. Jamus ta haramta shi, ana cin tarar iyaye. Faransa, wadda ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati tun 2004, ta tsaurara doka, tun 2022 sai da izinin hukuma.

To amma 'yar uwa, ki dubi bambancin da kyau. Ba'amurkiya tana gudun makarantar da aka fitar da addini daga cikinta ne. Ke kuwa a Kano, makarantar gwamnati da addu'a ake buɗe ta, ana koyar da addinin Musulunci da Larabci, hijabi na cikin kayan makarantar 'yarki, malaman kuma yawancinsu maƙwabtanki ne da kuke haɗuwa a gidan biki. Matsalarmu ta rashin benci ce da rashin malami da rashin kulawa. Sannan uwar da ke koyarwa a can yawanci ta yi karatu mai zurfi, tana da wuta dare da rana, da ɗakin karatu na unguwa, da mijin da albashinsa ya ishe su. Ɗauko maganin ciwon wani a sha ba tare da an duba ko cutar ɗaya ce ba, ganganci ne.

Karatun gida ba baƙonmu ba ne

Idan ana maganar koyarwa a gida, mu ne ya kamata a zo a tambaya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gida ta yi karatu har ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, dattijan mata masu ilimi, ta ɗora musu malfa, su shiga ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu. Mahaifinta kuwa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Har yau a lungunan Kano akwai gidajen da malama ke tara yaran maƙwabta a tsakar gida, daga babbaƙu da farfaru har sauka, a wuce Ahalari da Ishmawi, ladanta ɗan kuɗin laraba.

Saboda haka gida na iya abubuwa da yawa, kuma akwai waɗanda shi kaɗai ne ya iya su. Alwala da sallah, gaskiya da kunya, gaida manya, tsafta, son karatu shi kansa, duk a cinyarki ake koyonsu. Uwar da ta gama sakandare za ta iya koya wa ɗanta karatun Hausa da ƙidaya kafin ya shiga aji ɗaya, kuma yaron da ya shiga makaranta da wannan guzuri ko aji ya cika maƙil ba ya ɓacewa a ciki.

Sai dai mun riga mun yi gwajin riƙe yara a gida gaba ɗaya, ba da son ranmu ba. A Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu, aka shafe sama da wata shida. An yi ta watsa darussa ta rediyo da talabijin. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, a gidaje nawa ne a layinku aka zauna aka bi darussan nan har ƙarshe? Yara nawa ne suka tafi gareji ko kasuwa ba su sake komawa aji ba? 'Yan mata nawa aka aurar kafin a buɗe?

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ba a son faɗa a taron mata. A unguwanninmu, idan aka ce an cire yarinya za a koyar da ita a gida, sau da yawa malamin lesin wata biyu yake yi kuɗi ya gagara. Daga nan sai faranti ya hau kai. Ki je bakin ƙofar kamfanonin Challawa ko Sharaɗa da tsakar rana, lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abinci, ko wajen da manyan motoci ke jiran lodi, ki ƙirga 'yan mata masu shekara goma zuwa sha huɗu da ke ɗauke da shinkafa da wake, da awara, da ruwan leda, suna kutsawa cikin ƙartin maza. An cire ta daga aji don gudun cuɗanya da yara sa'anninta a gaban malami, an tura ta cikin direbobi da 'yan dako babu mai sa ido. Uwar za ta ce kuɗin kayan ɗaki take tarawa, kuma talauci gaskiya ne, ba wanda ya isa ya raina shi. Amma kada a kira wannan kare tarbiyya, domin sunansa talla. UNICEF ta ƙiyasta yaran Kano da ba sa zuwa makaranta sun kusa miliyan ɗaya, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsu ke zaune gaban wata uwa da alli a hannu.

Akwai kuma maganar takarda. Gaskiya ne WAEC da NECO suna da jarrabawar 'yan waje, wadda wanda bai bi ta makaranta ba zai iya zama ya rubuta. Amma makarantar koyon jinya da ungozoma, ko sashen likitanci na jami'a, suna neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, darussan da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararren malami. Dukkanmu muna so idan naƙuda ta zo mu tarar da mace a ɗakin haihuwa. Wannan macen 'yar wata ce da aka bari ta yi karatu. Jihar nan ta taɓa nuna makarantar gwamnati na iya yin abin kirki, domin makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, da ta 'yan mata da ta biyo baya a Taura, wadda yanzu ke Jigawa, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa daga gidajen talakawa, kuma ba a ji sun bar sallah ba.

Ita ma makarantar kuɗi kada sunanta ya ruɗe ki. Da yawa a cikin na lungu gidan haya ne aka yanka ɗakuna, malaman kuma yaran da suka gama sakandare ne ake biyansu abin da bai taka kara ya karya ba. Ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, wadda mai makarantarsu ya sace a Disamban 2021 ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Bayan wannan ne gwamnati ta sa aka sake tantance makarantu masu zaman kansu. A irin wannan wuri, ko mai tsananin ƙin katsalandan ɗin gwamnati zai so a ce hukuma ta sa ido tun farko.

Iyakar gwamnati, iyakarki

A ganina, gwamnati bashi ake bin ta. Harajin da ake cira daga albashin maigidanki da wanda kamfanonin nan ke biya, da kason kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya da dokar 2004 ta ware wa ilimin farko, duk don a gina aji a sa malami ne. Tana da haƙƙin ta hana a bar yaro cikin jahilci, ta kuma binciki duk wanda ya buɗe makaranta. Abin da ba ta da shi shi ne ikon tsara wa yaro aƙida a bayan idon iyayensa. Kuma gwamnatin da ta daɗe tana fama da ruwan kamfanonin fata da ke malala cikin kogin Challawa ba ta gama da shi ba, bai kamata ki miƙa mata ɗanki ki juya baya kina jiran ta dawo miki da shi cikakken mutum ba.

Hanyar da mafi yawan gidajen Kano suka kama, boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da asuba ko bayan magariba, tana da gajiyarwa ga yaro, amma ta fi kowacce dacewa da halinmu. Akwai kuma Islamiyyu masu haɗa manhaja biyu da ke da rajista da hukuma, da jarrabawar NBAIS ga masu bin layin Larabci da addini, wadda ake shiga jami'a da ita. Idan maigida ya dage sai an cire yarinya daga makarantar da take, ki lallaɓa ki nuna masa irin waɗannan kafin a kai ga zaman gida. Idan cuɗanya ce damuwarsa, sakandaren gwamnati ta 'yan mata zalla ta jeka-ka-dawo ba ta yi wuya a cikin birni da kewaye ba. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ba lokacin da ya dawo daga aikin dare ido ya yi ja ba.

Ke kuma da kanki, yaushe rabon da ki buɗe jakar ɗanki? Littafin da ake ta hayaniya a kansa a rediyo, a cikin jakar nan yake kwana. Ki sa ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi kina tankaɗe. Idan ɗan aji huɗu ya kasa karanta layi biyu na Hausa, kin gano matsalar tun da sauran lokaci. Idan ke ce ba ki yi karatun ba, ƙofa ba ta rufe ba, domin tun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya, wadda har lambar yabo ta UNESCO ta samu, kuma azuzuwan matan aure na nan, ga na ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985.

Sannan ki nemi izini ki taka zuwa makarantar, ko sau ɗaya a zango. Ki ga ajin da idonki, ki ga ko akwai banɗaki na 'yan mata daban, ki san sunan malamin ajin, ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi don ki san inda yaro ke tsayawa idan ya makara. Bayan ƙungiyar iyaye da malamai, tsarin ilimi ya tanadi kowace firamaren gwamnati ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, inda mai unguwa da liman da wakilan iyaye ke zama da hedimasta, kuma an ware wa mata kujeru a ciki. A makarantu da yawa kujerun nan a takarda kawai suke, saboda ba wadda ta zo ta nema. Ta wannan kwamiti ake kai kukan rufin da ya yaye ko malamin da ba ya zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa SUBEB. Ku haɗu ku biyar ko shida daga Islamiyyarku, ku sami hedimasta ku tambaye shi ranar zama na gaba da sunayen matan da ke wakiltarku.